Mayafin bagadi mai zaren zinariya: na Angilikan ne ko aro aka yi?

Tambaya: Wata uwa daga ƙungiyar matan wani cocin Angilikan a Jihar Kaduna ta rubuto cewa suna gyaran ɗakin ajiya sai suka tarar da tsohon jan mayafin bagadi a ƙasan akwati. Ɗinkin hannu ne da zaren zinariya, da haruffan IHS (taƙaicen sunan Yesu a Girkanci) a tsakiya, da furanni a gefe. Wasu dattawa sun ce irin wannan ado na Katolika ne, matasa kuma sun ce a jefar a sayo sabo. Tana so ta san tun yaushe Angilikan suke irin wannan aiki, su wa suke ɗinkawa, kuma yaya za su yi da nasu.

Amsa: Mama, sannu da ƙoƙari. Dattawan nan ba ƙarya suka yi ba, sai dai rabin labarin suka riƙe. Aikin allura na cocin Ingila sau biyu aka yi shi. An yi na farko tun Ingila tana bin Fafaroma, aka zo aka rushe shi da gangan, aka yi kusan shekara 300 bagadi ba shi da wani ado na a zo a gani, sannan a zamanin Sarauniya Victoria aka tayar da shi daga tushe. Kusan duk abin da yau ake kira tsohuwar al'adar Angilikan a wannan fanni daga zuwa na biyun ya fito, kuma mata ne suka ɗauke shi a ka.

Ɗaya daga cikin mafi tsufan abubuwan da suka rage yana babban cocin Durham: siririn ƙyallen nan da limami ke ratayawa a wuya, da ƙaraminsa na hannu. An ɗinka su tsakanin shekarar 909 da 916, kuma a bayansu an rubuta da zare cewa Sarauniya Aelfflaed ce ta sa aka yi wa Bishop Frithestan na Winchester. A cikin kabarin waliyyi Cuthbert aka same su da aka buɗe shi a 1827. Kabarin ne ya tsare su, ba don haka ba da tuni sun bi sauran.

Amma ganiyar aikin ita ce daga wajen 1250 zuwa 1350, lokacin da duk Turai ta san shi da sunan Opus Anglicanum, wato aikin Ingila. A lissafin kayan fadar Fafaroma na 1295 an ƙirga irinsa fiye da 100, babu wata ƙasa da ta kai Ingila yawa. Marubucin tarihin nan Matthew Paris ya ba da labarin yadda a 1246 Fafaroma Innocent na Huɗu ya ga adon zinariya a jikin limaman Ingila, ya tambayi inda ake yi, sannan ya aika a samo masa. Mutane da yawa suna zaton mata masu zaman zuhudu ne suke wannan ɗinki a keɓe. Sun taɓa, amma mafi yawansa aikin kasuwa ne, a shagunan birnin Landan, maza da mata, da masu gida da yaran shago, da 'yan kasuwa masu ba da jari. Akwai wata Mabel ta garin Bury St Edmunds da sunanta ya yi ta fitowa a takardun kuɗin Sarki Henry na Uku daga 1239, ta shafe kusan shekara uku a kan riga guda. A 1271 mata huɗu suka yi kusan shekara huɗu suna ɗinka mayafin gaban bagadin Westminster, kuma da aka zo lissafi ladan hannunsu bai kama ƙafar kuɗin zinariya da lu'ulu'un da aka zuba ba. Wannan rashin adalci ga mai riƙe allura zai sake fitowa a labarin.

Bari in tsaya kan yadda ake ɗinkin, don nan ne gwanintar take, kuma zai taimake ki wajen duba naku. Zaren zinariya ba zinariya ce zalla ba. Siririn falle ne na azurfa da aka shafe da zinariya, aka nannaɗe shi a kan zaren alharini. In aka ce za a zura shi a allura a riƙa ratsa yadi da shi, kafin a je ko'ina ya saluɓe. Don haka sai a shimfiɗa shi a saman yadin, wanda aka ɗaure tamau a kan katako. Daga ƙasa a turo allura da ƙaƙƙarfan zaren lilin, ta haye kan zinariyar, ta koma ta ramin da ta fito, sannan a fizga kaɗan har wani ɗan lanƙwasa na zinariyar ya faɗa ta baya. A gaba ba ka ganin zaren da ya riƙe, zinariya kawai. Kowane wurin da aka fizga ya zama gaɓa, shi ya sa rigar da aka lulluɓe da ƙarfe take lanƙwasuwa a jikin mutum ba ta tsaya ƙiƙam ba. Da jerin waɗannan ramuka kuma ake fitar da zane a cikin zinariyar kanta, wani kamar jerin tubali, wani zigizag, sai haske ya riƙa wasa a kai idan limami ya motsa. Fuskoki kuwa da alharini ake yi, kowane ɗinki allura na tsaga tsakiyar wanda ya gabace shi, a faro daga tsakiyar kumatu a riƙa zagayawa har kuncin ya taso. In yadin karan-miski ne, gashinsa ba ya karɓar zane, sai a ɗora siririn ƙyalle mai zanen a kai, a ɗinke ta cikinsa, a bi da almakashi a tsince abin da ya rage.

Babban abin da ake zuba wa wannan wahala shi ne wata riga mai siffar rabin da'ira, buɗe a gaba, da ake yafawa a manyan ranaku. Wanda ya san alkyabbar sarakunanmu ya gama gane ta, don haka alkyabba zan kira ta. A bayanta ake jera labarin Almasihu da na manzanni, hoto bayan hoto.

Ingancin ya fara ja da baya tun kafin rikicin addini. Annobar 1348 ta kwashe mutane, yadudduka masu zane suka riƙa shigowa daga Italiya, masu shago suka koma hanyar sauri: a ɗinka mala'ika ko fure daban a kan lilin, a yanke, a manna a kan yadi. Ki riƙe wannan hanya, don ita aka fi bi a zuwa na biyu.

Sai rushewa. Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Fafaroma a 1534, daga 1536 zuwa 1540 ya rufe gidajen zuhudu ya kwashe dukiyarsu. Amma a zamanin ɗansa Edward na Shida ne abin ya taɓa tufafi kai tsaye. Littafin Addu'a na 1549 ya bar limami ya sa rigar Jibin Ubangiji ko alkyabba. A 1550 aka ce a fasa bagadan dutse a sa teburan katako. Littafin 1552 ya hana tsoffin rigunan ɗungurungum, ya ce limami farar riga mai faɗin hannu kawai zai sa. A 1553 jami'an sarki suka bi coci coci suna ƙwace abin da ya rage. An ƙona riguna masu yawa don a tace zinariya da azurfa daga toka, wasu aka sayar aka yanka su matasan kai da murfin gado. Waɗanda suka tsira, ko dai suna ƙasashen waje tun da can, kamar alkyabbobin da ke Pienza da Ascoli Piceno a Italiya da Toledo a Sifaniya, ko kuma iyalan da suka ci gaba da bin Katolika a ɓoye ne suka adana. Alkyabbar Syon, wadda aka fi sani, mata masu zuhudu ne suka gudu da ita har Lisbon, sai a ƙarni na 19 ta dawo, yanzu tana gidan kayan tarihi na Victoria da Albert a Landan. To nan ne gaskiyar dattawanku take: wancan aiki na farko na cocin da ke bin Fafaroma ne, kuma waɗanda suka kafa tsarin Angilikan su suka kashe shi.

Sai dai Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta bar wata ƙofa. A Littafin Addu'a na 1559 aka sa wani ɗan sakin layi da ke cewa a ci gaba da amfani da kayan adon coci da na limamai irin waɗanda ake da su a shekara ta biyu ta mulkin Edward. Littafin 1662 ma ya riƙe shi. Ba wanda ya bi shi a aikace, amma yana nan a rubuce yana jiran ranarsa. Abin da aka bi shi ne dokokin coci na 1604: a rufe teburin Jibi da shimfiɗar alharini ko wani yadi na mutunci, a ɗora farin lilin mai tsabta lokacin cin Jibi, a sa alkyabba a manyan coci kawai. Allura ba ta mutu sarai ba. Matan masu hali suna ba da yadi, wani lokaci ma tsohuwar rigarsu ta ado. A ƙauyen Bacton an daɗe ana rufe bagadi da wani ƙyalle mai zaren azurfa da furanni, wanda masana suka bincika a 'yan shekarun nan suke ganin daga rigar Elizabeth ɗin kanta aka yanko shi. A ƙarni na 18 kuma, lokacin da cocin Ingila ya fi kowane lokaci gudun kama da Katolika, abin da aka saba gani a kan teburi da matashin mumbari shi ne jan karan-miski da haruffan IHS a tsakiya cikin tsirkiyar rana da zaren zinariya. Ki gaya wa dattawa wannan. Jan mayafi mai IHS yana cikin abubuwan da Angilikan ba su saki ba ko a shekarun da suka saki komai.

Farfaɗowar ta faro ne daga jami'o'i. A 1833 wasu malaman Oxford, su John Keble, suka fara kiran cewa cocin Ingila ci gaba ne na tsohon cocin ƙasar, ba sabon abu ba ne da aka ƙirƙira a ƙarni na 16. A 1839 ɗaliban Cambridge, ciki har da John Mason Neale, suka kafa ƙungiyar nazarin tsoffin gine-ginen coci da kayansu. Aka shiga gina sababbin coci da gyara tsoffi da ɗaruruwa, kowanne yana neman mayafi. Da aka karɓi tsarin launuka na shekara, fari da ja da kore da shunayya, sai buƙatar ta ninka sau huɗu. Masu zanen gini irin su G. E. Street suka raina ɗinkin ulu mai ƙyalƙyali da matan lokacin suka saba, suka koma nazarin ragowar tsoffin rigunan. Su ne suke zane, amma wa zai ɗinka? A 1854 'yar'uwar Street da wata Agnes Blencowe suka kafa ƙungiyar mata masu ɗinkin coci, suna ba da lokacinsu kyauta. Sababbin gidajen zuhudu na matan Angilikan, kamar na Wantage da aka kafa a 1848 da na East Grinstead da Neale ya kafa a 1855, suka buɗe ɗakunan ɗinki, kuɗin da ke shigowa yana tafiya wajen marayu da marasa lafiya. A 1872 aka buɗe makarantar ɗinki da yau ake kira Royal School of Needlework, don matan gidan mutunci da talauci ya kama su samu abin yi. A 1874 masu zanen gini uku, Bodley da Garner da George Gilbert Scott ƙarami, suka kafa kamfanin Watts, wanda har yanzu yana aiki kusa da Westminster. A garin Leek kuma Elizabeth Wardle ta tara mata suna ɗinki da alharinin daji na Indiya wanda mijinta Thomas, marini ne, ya gano yadda zai kama rini.

Kada ki ɗauka an yi wannan cikin lumana. Mayafin bagadi bai cika jawo faɗa ba, rigar limami ce ta jawo. Masu son ta suka kafa hujja da sakin layin nan na 1559, masu ƙi suka ce Fafaroma ake son dawo da shi ta bayan gida. A 1859 da 1860 an yi watanni ana tayar da tarzoma a cocin St George da ke gabashin Landan, ana ihu ana jifa a tsakiyar sujada. A 1874 majalisa ta yi doka musamman don murƙushe abin, kuma limamai biyar suka shiga kurkuku saboda sun ƙi bin umarnin kotu. Arthur Tooth ya shiga a 1877, Sidney Green na Manchester ya kwana a ciki daga 1881 har 1882. Ɗaurin ne ma ya juyo da tausayin jama'a wajensu. Duk da haka sai a 1964 doka ta halatta rigunan a fili, tare da bayanin cewa sa su ko barin su ba ya nuna wata koyarwa ta daban. Kenan gardamar da ake yi a cocinku ta girmi kowa a cikinku, kuma a Ingila ma Angilikan da Angilikan ne suka yi ta.

Wanda nake ganin ya fi kowa hankali a wancan zamani shi ne wani limamin Angilikan mai suna Percy Dearmer. Shi bai tsaya kan kyau kawai ba, ya tambayi wa ya ɗinka kuma nawa aka biya ta. Kamfanonin kayan coci suna sayar da araha ne saboda suna matse mata masu ɗinki a gida da ladan da bai kai ya kawo ba, shi kuwa ya ce ba daidai ba ne a yi wa'azin adalci cikin rigar da aka ci gumin wata a kanta. Ƙungiyar Warham da aka kafa a 1912 da hannunsa, manufarta ke nan: aiki mai kyau, lada mai kyau.

Ƙarni na 20 ya sauko da aikin daga hannun ƙwararru zuwa hannun jama'a. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji fiye da 130 da suka ji rauni, daga Birtaniya da Kanada da Ostareliya da Afirka ta Kudu, suka ɗinka wa babban cocin St Paul mayafin bagadi daga gadajen asibiti, kowa da ɗan yankinsa. Daga 1931 zuwa 1936 Louisa Pesel da Sybil Blunt suka jagoranci masu sa kai a Winchester suka yi ɗaruruwan matasan durƙuso da na zama, da zaren ulu a kan yadi mai ramuka. Pesel ba ta wasa, sai mace ta kawo gwajin ɗinkinta an duba kafin a ba ta aiki. Wannan ya bazu, musamman bayan Yaƙi na Biyu, har ya zama da wuya ka shiga cocin ƙauye a Ingila ba ka ga matasan durƙuso masu hoton tsuntsu ko gadar garin ko sunan wani mamaci ba. A ganina wannan ne kaɗai reshen aikin da Angilikan ba su gada daga kowa ba. Wata malamar ɗinki mai suna Beryl Dean kuma ta yaƙi kwaikwayon tsohon zane, ta ce a yi na zamani. Ita da ɗalibanta suka yi alkyabbar 1977 ta St Paul, wadda aka jera hasumiyoyin cocin Landan 73 a jikinta.

Dalilin da ya sa dattawanku suke ganin abin baƙo kuwa a fili yake. Ƙungiyar 'yan mishan ta cocin Ingila da ake kira CMS ce ta kawo Angilikan Najeriya, daga Badagry a 1842 har zuwa tawagar Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller da ta shigo Arewa a 1900, kuma CMS tana ɓangaren da ke ƙin yawan ado. Limaminta farar riga ne da baƙin gyale. Dubi hotunan Bishop Ajayi Crowther, wanda aka naɗa a 1864, ba za ki gan shi da zinariya ba. Cocin St Bartholomew na Wusasa da aka gina a 1929, kyansa a ginin ƙasa irin na Hausa yake. Inda ɗaya ɓangaren ya yi aiki, kamar Ghana da Zanzibar, da riguna da turare aka san Angilikan. Duka biyun 'yan gida ɗaya ne.

Yanzu ga naku. Ki juya shi, in shafin baya ya ɓalle ta wani gefe ki leƙa. Ɗinkin hannu tsawonsa ba ya zama daidai wa daida, za ki ga inda aka ƙulla zare da inda aka sake sabo. Na keke jere yake kamar an auna, sau da yawa da sarƙa ɗaya mai tafiya ba yankewa. Ki duba haruffan: in zinariyar a kwance take bibbiyu, an danne ta da ƙananan ɗinki na jan ko rawayan alharini, an kuma kewaye harafin da igiya don a ɓoye bakin lilin da aka manna, to hanyar ɗakunan ɗinkin Ingila ce ta zuwa na biyu, wadda aka fi yi daga wajen 1860 zuwa 1930. Ki lalubi kusurwoyin shafi, a nan ake ɗinka sunan kamfani ko na wadda ta bayar. Yana iya girmar ginin cocinku, don tsofaffin kaya sukan bi hannun 'yan mishan su sauya gida, haka kuma aka sha ciro tsohon ado a mayar da shi kan sabon yadi.

Kada ruwa ya taɓa shi. Jan rini yana zuba, lilin da ke ƙarƙashin haruffa yana tsukewa ya tattare yadin, zinariyar kuma ta yi baƙi. Kada a goge ta da man goge ƙarfe, shafen da ke kanta bai kai kaurin komai ba, gogewa ɗaya ta tafi. Ban da dutsen guga, ban da gam. Ƙura da burushi mai laushi ake ɗauke ta. Kada a ninke shi, don a kan ninki alharini ke tsagewa. A naɗe shi a jikin bututu mai kauri da aka rufe da farin yadin auduga wankakke, adon yana waje, a sake rufewa da auduga. Ban da leda, tana tara gumi da damina ta kawo fumfuna. A ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a riƙa dubawa saboda asu da kyankyaso.

In zaren zinariya ya tashi, ba sai an nemi wani daga Landan ba. Masu aikin babbar riga na hannu a Zariya sun san yadda ake kwantar da zare a danne shi, a dai nuna musu su bi tsoffin ramuka da siririyar allura, kada su ƙara nasu zane. In yadin yana da sauran ƙarfi a shimfiɗa shi ranar Fentikos da ranar da bishop ya zo tabbatarwa, a naɗe shi da an tashi. Na kullum kuma matasa suna da gaskiya, ana buƙatar sabo, sai dai maimakon na kanti mai adon roba, ƙungiyarku ta sayi saƙi mai kyau ta ba mai ɗinkin hannu, a yi ciniki da shi a biya shi cikakken ladansa.